Kafin a miƙa wa gwamnoni bindiga

Kakana na wajen uwa tela ne, kuma ɗan NEPU ne na a-mutu, wato jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano. Har Allah Ya karɓi ransa akwai wasu tabo guda biyu a gadon bayansa, waɗanda muna yara muke leƙawa idan ya tuɓe riga yana shan iska a zaure. Ba ya son ba da labarinsu. A bakin kakarmu muka ji cewa 'yan doka ne suka zo har shago suka tafi da shi saboda an gan shi a wurin lacca, alƙali ya yanke masa wata uku da bulala, laifin da aka rubuta kuwa shi ne wai ya zagi manya. Wanda ya riƙe masa wuyan riga ranar ɗan unguwarsu ne, tare suka yi makarantar allo. Kakarmu ta ce wannan ya fi bulalar yi masa ciwo.

Tabon nan ya riƙa dawo mini tun ranar 26 ga Nuwamba, 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin tsaro. A cikin kwana goma kafin wannan rana an sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi aka kashe mataimakin shugaban makarantar, an afka wa wani coci a Eruku ta jihar Kwara, an kuma kwashi ɗalibai da malamai sama da 200 a Papiri ta jihar Neja. Shugaban ƙasa ya ce a ɗauki ƙarin 'yan sanda 20,000 a kan 30,000 da aka riga aka amince da su, a yi amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima wajen horar da su, a janye waɗanda ke gadin manyan mutane, hukumar DSS ta tura masu tsaron daji. Sannan ya nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka yadda jihar da ke so za ta kafa 'yan sandanta.

Babu sabo ɗaya a cikin waɗannan. Tun a 2015 jam'iyyar APC ta rubuta a kundin manufofinta cewa za ta nemi a gyara tsarin mulki don jihohi su samu 'yan sanda. A watan Janairun 2018 kwamitin da jam'iyyar ta kafa ƙarƙashin Malam Nasir El-Rufai ya miƙa rahoto yana ba da shawarar haka, aka sa shi a durowa. Kundin Sabunta Fata na 2022, wanda Tinubu ya yi kamfe da shi, ya yi alƙawarin raba 'yan sanda da gadin manya, amma sai da aka shekara biyu da rabi a kan mulki, sai da aka kwashe 'ya'yan mutane a Maga da Papiri, sannan aka ba da umarni. A Fabrairun 2024 ma shugaban ƙasa da gwamnoni sun zauna a Abuja sun ce sun yarda a duba batun 'yan sandan jihohi. Jam'iyyar da ta shekara goma tana riƙe da fadar shugaban ƙasa da rinjaye a majalisa ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin jinkirin, kuma ina tsoron abin da aka ƙi yi cikin natsuwa a shekara goma a zo a yi shi cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan fara da abin da na yarda da shi, domin ba na cikin masu cewa a bar komai yadda yake. Tsarin da ake kai ya gaza, kuma mu 'yan Arewa maso Yamma muka fi kowa sanin haka. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma ya ba kwamishinan damar cewa sai an tambayi shugaban ƙasa ko minista tukuna. Ke nan gwamnan da ake kira shugaban tsaro na jiharsa suna kawai yake da shi. Abdul'aziz Yari, lokacin yana gwamnan Zamfara, ya taɓa fitowa a 2018 ya ce ya ajiye wannan laƙabi don ba shi da amfani, Gwamna Dauda Lawal na jihar kuma a 2025 ya ce ya san inda manyan ɓarayin daji suke, ba shi da ikon tura kowa ne kawai. Ko da akwai neman kare kai a cikin maganarsu, akwai gaskiya a ciki. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai 400,000 ba, cikinsu kuma dubbai na riƙe wa matan manya jaka. Sai a turo DPO daga wata uwa duniya, ba ya jin Hausa balle Fulatanci, bai san hanyar da ta tashi daga dajin Rugu ta ɓulle Zamfara ba, kafin ya fara gane gari an canza shi. Ƙauye zai kira waya tun ɓarayi na tafe a kan babura, a ce babu mai a mota ko ba a samu umarni ba, gari ya waye a zo ɗaukar gawa. Wanda ya taɓa kwana a gona da 'ya'yansa don tsoron kwana a ɗaki ba zai saurari dogon bayani kan tsarin tarayya ba, kuma yana da gaskiya.

Ban da haka, 'yan sandan jihohi sun riga sun zo ta ƙofar baya. Rundunar tsaro ta Amotekun ta fara aiki a jihohin Yarbawa tun 2020. Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Katsina a watan Oktoban 2023, Askarawan Zamfara suka biyo baya a Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa tata. 'Yan kato da gora tun 2013 suke Maiduguri. Yaran nan da yawansu sun mutu a bakin aiki suna kare garuruwansu da bindigogin da ba su kai na abokan gaba ba, Allah Ya jiƙansu. Gara a ce doka ta san da su, ta faɗi irin makamin da za su riƙe da wanda zai hukunta su idan sun yi ba daidai ba, da a bar su haka a tsakiya.

To ina matsalar? Matsalar ita ce duk bayanan da jam'iyya mai mulki ke yi lissafin mutane da bindiga ne. Dubu nawa za a ɗauka, daji nawa za a tsare, mota nawa za a saya. Ban ji an tsaya an yi wa talaka bayani dalla-dalla kan wa zai riƙe linzamin waɗannan mutane ba, ko wa zai hana a juya su a kansa. Mu kuwa mun taɓa gani. 'Yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, 'yan sandan gida ne na sosai. Sun san kowa, suna jin harshe, sun san kowane lungu, wato duk abin da ake yabon 'yan sandan jiha da shi yau suna da shi. Da wannan sanin ne suka iya gane gidan da ake karanta takardar NEPU da teburin mai shayin da ake sukar hakimi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau 16, magoya bayan Malam Aminu Kano da yawa sun bar garuruwansu ba don yunwa ba. A tsohuwar Jihar Yamma ta Yarbawa ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka zama sandar dukan 'yan adawa. Tun a 1958 kwamitin Willink da Turawan mulkin mallaka suka kafa ya ji kukan ƙananan ƙabilu kan wannan tsoro. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da waɗannan 'yan sandan gida cikin 'yan sandan tarayya. Waɗanda suka yi haka sun ga abin da idonsu.

Za a ce wancan zamani ya wuce. Sai mu duba abin da gwamnonin yau suka yi da hukumar da tsarin mulki ya riga ya damƙa musu, wato hukumar zaɓe ta jiha. A 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kaduna, APC ta cinye duka 23. An yi a Kano, NNPP ta cinye duka 44. An yi a Bauci, PDP ta cinye duka 20. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, halin kujerar ne. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda gwamnoni sun mayar da asusun haɗin gwiwa aljihunsu. Mutumin da bai bar wa abokin adawa kujerar kansila ko ɗaya ba, me zai sa in ɗauka zai bar shi ya yi taro a filin gari ranar da kwamishinan 'yan sanda ya zama yaronsa?

Ku tuna Kano a watan Mayun 2024. Sarki biyu a gari ɗaya, Muhammadu Sanusi II a Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero a gidan Nasarawa. Gwamnatin jihar ta ba da umarnin a kama Aminu Ado, 'yan sanda suka ce su umarnin kotu za su bi. Ba ina cewa wane ne ke da gaskiya a rikicin ba, kuma na san mutanen Kano da yawa sun ɗauki abin da 'yan sanda suka yi a matsayin katsalandan daga Abuja. Abin da nake so mai karatu ya auna shi ne, da a ce ranar akwai runduna biyu masu bindiga, ɗaya na karɓar umarni daga gidan gwamnati, ɗaya daga Abuja, suka haɗu a titin Nasarawa, da me za mu wayi gari muna faɗi? Duk dokar da ba ta amsa wannan tambaya ba bai kamata ta wuce ba.

Akwai kuma wani tsoro da ya shafe mu mu Hausawa fiye da kowa, domin babu ƙabilar da ta kai mu yawo a ƙasar nan. Mai shayi a Legas, mai facin takalmi a Fatakwal, ɗan acaɓa a Ibadan, mai dakon shanu da albasa zuwa Onica, duk namu ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare wata mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano da ke kan hanyar zuwa gida yin Sallah, aka cinna musu wuta. Ba 'yan sanda ba ne suka yi, na sani. Amma daga irin waɗannan 'yan banga ne za a ɗebi ma'aikatan farko na 'yan sandan jiha, don su ne a ƙasa. Idan aka ba su kaki da lamba ba tare da an tace su ba, baƙo ba shi da sauran wurin gudu, domin ofishin da zai kai ƙara nasu ne. Kuma kada mu yi kamar mu wankakku ne. Ɗan ƙabilar Ibo mai shago a Sabon Gari yana da irin wannan tsoro game da mu, kuma haƙƙinsa ne a ba shi amsa.

A cikin gida ma muna da namu Uromin. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara ya san yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni, mai laifi da marar laifi, ya ƙara wa wutar fetur. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe wasu Fulani a kasuwar Mamande ta jihar Sakkwato, ba a daɗe ba aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum sama da 40. Wannan ba ya wanke ɓarawon daji ko kaɗan, wanda ya kashe manomi a gonarsa ya yi wa matar aure fyaɗe ba shi da uzuri a wurin Allah ko a wurin mutane. Amma rundunar da aka ɗauka daga ɓangare ɗaya kawai, aka ce ta je ta yi maganin ɗaya ɓangaren, ramuwa za ta je yi, ramuwar kuma ta haifi wata.

Saboda haka ni ina goyon bayan a yi 'yan sandan jiha, amma sai an ɗaure hannun gwamna a cikin tsarin mulkin kansa, ba a wata ƙaramar doka da majalisar jiha za ta iya sauyawa cikin yini ɗaya ba. Naɗa kwamishina da cire shi kada ya zama na gwamna shi kaɗai. A samu hukuma a kowace jiha da ta ƙunshi tsohon alƙali da wakilin lauyoyi da malaman addini da mata da wakilin jam'iyyar adawa, ita ce za ta ɗauki ma'aikata, ita ce za ta kore su, kuma talaka ya iya kai mata ƙara ba sai ya bi ta caji ofis ba. Idan aka bar ɗaukar aiki a hannun 'yan siyasa, kowane ɗan majalisa zai kawo takardar yaransa, 'yan jagaliyar da suka yi masa aiki ranar zaɓe su ne za su dawo da kaki. Albashi kuma a cire shi tun daga asusun tarayya kafin kuɗi ya isa hannun gwamna. Mun ga jihohin da malaman firamare suka yi wata da watanni ba albashi, har sai da gwamnatin tarayya ta ba da bashin ceto a 2015. Malamin da ba a biya ba yajin aiki zai tafi, amma mai bindigar da ba a biya ba shinge zai kafa a hanya. A haramta musu kusantar akwatin zaɓe. A kuma rubuta ƙarara yanayin da tarayya za ta iya karɓe rundunar jihar da ta koma farautar baƙi ko 'yan adawa, tare da sa wa ita ma tarayyar birki, domin ita ma ba waliyyiya ba ce. Ba mu manta da yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar Agustan 2024 ba, aka gurfanar da su a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda yunwa. 'Yan sandan tarayya ne suka yi wannan.

Sai dai ko an yi duk wannan, akwai wani rami babba a tsakiyar shirin da ba a cika magana a kai ba, wato abin da ke faruwa bayan an kama mutum. Shekarun baya an sace babur ɗin ƙanena a ƙofar masallaci. Muka je ofishin 'yan sanda, a bango an rubuta cewa beli kyauta ne, amma sai da muka ba da kuɗin takarda da kuɗin man mota kafin a tashi. An kama wani yaro, ya amsa, ya faɗi wanda yake kai wa. Bayan kwana huɗu muka gan shi yana yawo a unguwa. Babur bai dawo ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma haka yake a babba. Tambayi mutanen ƙauye me ya sa ba sa tona asirin infoma, mai kai wa ɓarayi burodi da fetur da labarin wanda ya sayar da amfanin gona. Za su ce maka an sha kamawa ana sakewa, kuma ranar da ya dawo ya san wanda ya kai shi. A birni ma haka masu ƙwacen waya da 'yan daba suke shiga ta nan su fita ta can. A ɗaya gefen, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, wasu sun shekara fiye da abin da laifin zai ja musu ko da an same su da shi. Mai gata ya fita, marar gata ya ruɓe. Idan aka ƙara mutum 50,000 masu kame ba a ƙara masu bincike da masu gabatar da ƙara da alƙalai ba, cunkoson za a ƙara.

Yaƙi da ta'addanci ma nan ya fi rauni. Dokoki akwai su. An ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda tun farkon 2022, an yi sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci a shekarar, an kuma sa ƙungiyar Lakurawa masu ɗauke da makamai a wannan layi a Janairun 2025. Sojoji sun yi aikin da ya kamata a yaba, sun kashe ƙasurgumin ɓarawon daji Halilu Sububu a Satumbar 2024, kuma a Agustan 2025 mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Malam Nuhu Ribaɗu ya sanar da kama manyan shugabannin ƙungiyar ta'adda ta Ansaru biyu. Amma tun 2021 ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce an gano ɗaruruwan masu ɗaukar nauyin ta'addanci za a gurfanar da su. Nawa talaka ya ga an yanke wa hukunci a bainar jama'a? Kotun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta riga mu ɗaure 'yan Najeriya shida kan tura wa Boko Haram kuɗi. Wanda ke daji da bindiga yaro ne da ba ya iya rubuta sunansa. Harsashin da yake harbawa wani ne ya shigo da shi, shanun da ya sato wani ne ya saya, miliyoyin kuɗin fansa wani ne ya juya masa su. Waɗannan a cikin gari suke kwana, kuma ba jirgin yaƙi ne zai kamo su ba, mai bincike ne da alƙali.

Sannan gwamnati ta faɗa mana matsayarta guda ɗaya kan sulhu. Abuja na cewa ba a sulhu da ɗan ta'adda, a lokaci guda kuma a 2025 mun ga tarukan sulhu a Jibiya da Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Katsina, ɓarayi suna zuwa da bindigoginsu a kafaɗa ana ɗaukar hoto. Ba na zagin mutanen da suka zauna da su, wanda aka hana shi noma shekara biyar zai nemi numfashi ko ta wace hanya. Amma sulhun da ba a ajiye makami ba kan tura ɓarnar zuwa ƙaramar hukumar da ke kusa ne kawai. Haka nan Tudun Biri ta jihar Kaduna. A Disambar 2023 jirgi marar matuƙi na soja ya kashe mutum aƙalla 85 a wurin Mauludi. Jama'ar da ake so su ba da bayanan sirri suna kallo su ga me zai faru da wanda ya yi irin wannan kuskure.

Batun shige da fice kuwa, kamar ana maganar wata ƙasa ce daban da wadda muke ciki. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta yi ƙoƙari a filayen jirgi, an saka ƙofofin zamani, an fara bayar da biza ta intanet a watan Mayun 2025, samun fasfo ya fi da sauƙi ko da yake ya ƙara tsada. Madalla. Amma Lakurawa ba ta filin jirgin Abuja suka shigo Tangaza da Gudu ba. Iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal. Mutumin Jibiya yana da kawu a Maraɗi, na Illela yana cin kasuwar Ƙonni, akwai manomin da gidansa ke Najeriya gonarsa na Nijar. Janar Christopher Musa, lokacin yana babban hafsan tsaro, ya kawo shawarar a yi wa iyaka shinge kamar yadda Saudiyya da Pakistan suka yi. Na fahimci abin da ya dame shi, amma shingen da zai raba Daura da Damagaram sai ya bi ta tsakiyar gonaki da dangi, kuma mun riga mun gwada rufewa. Buhari ya rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka koma hanyoyin daji, bindiga ba ta daina shigowa ba. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, motocin kaya suka yi layi har albasa ta ruɓe. Abin da ya biyo baya shi ne sintirin haɗin gwiwa ya yi sanyi, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko muna son masu mulkin Yamai ko ba ma so, ba za a tsare Kebbi da Sakkwato da Katsina ba tare da sojan Nijar a ɗaya gefen ba, kuma gyara wannan zumunci ya fi kowace na'urar sa ido muhimmanci.

A nan ma akwai abin tsoro idan aka haɗa batun baƙi da 'yan sandan jiha. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta kwashi Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP, ta kai shi Chadi ta ajiye, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta dawo masa da 'yancinsa. Wannan babban mutum ke nan mai lauyoyi. Yau a Kudu da zarar an ga Bahaushe ko Bafulatani marar katin ɗan ƙasa sai a ce ɗan Nijar ne, kuma mutanenmu na karkara da yawa ba su da ko takardar haihuwa. Dole dokar ta faɗi a fili cewa tantance wane ne ɗan ƙasa aikin hukumar shige da fice ne da kotu, ɗan sandan jiha ba shi da ikon loda mutane a tirela ya ce su koma inda suka fito.

Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya ya amince, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su sa hannu. Jihohin Arewa 19 ne, ke nan babu abin da zai wuce ba tare da wasu daga cikinmu ba. Matsalar ita ce waɗannan majalisu su ne suka ƙi amincewa da 'yancin ƙananan hukumomi a gyaran da ya gabata, don gwamnoni ba sa so, kuma a wannan karon gwamnoni ne za su ci riba. Shi ya sa bai kamata a bar musu maganar su kaɗai ba. A fassara ƙudurin gyaran zuwa Hausa da Fulatanci da Kanuri, a karanta shi sashe-sashe a gidajen rediyo, a yi zaman jin ra'ayi a Gusau da Funtuwa da Birnin Gwari da Kontagora, ba a otal a Abuja kawai ba. Ni dai na ƙudurta zan nemi ɗan majalisar mazaɓarmu idan ya zo gida, in tambaye shi wa zai naɗa kwamishinan, daga ina albashi zai fito, kuma ina zan kai ƙara ranar da ɗan sandan jiha ya mari ɗana. Ina roƙon limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi, musamman masu zuwa Kudu, su ma su nemi nasu kafin a kaɗa ƙuri'a.